Impulse da danginta: kalma ɗaya a Turance, biyar a Larabce, ina Bahaushe zai kama?

Yaron da aka haifa a Shari' Mansur a Makka, ko wanda ya taso a Jidda ko Madina, yakan shiga shekarar share fagen jami'a da harsuna biyu a bakinsa, Hausar gida da Larabcin makaranta. Idan likitanci ko injiniyanci ya zaɓa, sai a ɗora masa na uku, domin da Turanci ake koyar da waɗannan fannoni a jami'o'in Saudiyya. A mako guda yana iya cin karo da kalmar impulse sau uku. Malamin fiziya ya rubuta ta a allo kusa da lissafi, ya sake ganinta a babin jijiyoyi, sannan a darasin karatu ga wata mata ta sayi takalmi "on impulse". Ya buɗe ƙamus ɗin waya, ƙamus ya jero masa daf'i, indifa'i, nabda, dafi'i da nazwa, bai ce masa ga inda kowace take zama ba. Sai ya ɗauki ta farko ya haddace, ya riƙa cusa ta ko'ina.

Abin da ke wahalar da shi, Larabci ya raba wa wannan kalma gida-gida, kowane fanni da sunan da yake kiranta, Turanci kuwa ya bar ta guda. Wanda ya haddace fassara ɗaya zai dace sau ɗaya ya kuskure sau huɗu. Wanda ya riƙe hoton da ke ƙarƙashinta ba ya ɓata, domin hoton bai taɓa canzawa ba: ingizawa ce, mai zuwa farat ɗaya, ba ta daɗewa, amma tana sa abu ya motsa.

Asalinta Latin ne. Akwai aikatau pellere, wato turawa ko korawa, kuma yana da wata siga, pulsus, abin da aka tura ko aka buga. Daga waɗannan biyu Turanci ya sami zuri'a guda, masu ƙarewa da pel su ne aikatau, masu puls a ciki galibi sunaye ne da sifofi. Abin da aka liƙa a gaba shi ke nuna inda aka yi turin. Expel, turawa waje, shi ya sa ɗalibin da aka kora daga makaranta ake cewa an yi masa expulsion. Repel, turawa baya, ga shi nan a jikin man sauro an rubuta repellent, kuma abin ƙyama da ke sa mutum ja da baya shi ne repulsive. Propel, turawa gaba, daga nan farfelar jirgi ta samo sunanta, har mu ma muka ara. Dispel, tarwatsawa, kamar a kore shakka daga zuciyar mutum. Compel, tilastawa. Impel, ingizawa daga ciki, ita ce uwar impulse. A rubutu a kula, harafin l yana ninkuwa in aka ƙara wutsiya: compelled, expelled, compelling.

Akwai wani tarko a farkon kalmar da ke kama ɗalibai masu ƙoƙari ma. Sun koyi cewa im a impossible da impatient korewa take yi, sai su ɗauka impulse na nufin babu pulse, wato bugun jini ya tsaya. Ba haka ba ne ko kaɗan. Wannan im ɗin daban ce, asalinta in mai nufin "cikin" ko "a kan". Wanda bugun jininsa ya ɗauke pulseless ake ce masa. Dalilin da in ta koma im kuwa duk wanda ya yi tajwidi ya san shi, irin iƙlabi ne: nun mai sukun in ta haɗu da ba sai ta juye mim, kamar yadda ake karanta min ba'di. Leɓɓa sun riga sun rufe don harafin da ke tafe, sai n ta bi su. Mu ma muna rubuta gidan biki amma bakinmu gidam biki yake faɗa.

Furucin ma yana buƙatar a tsaya masa, domin Bahaushen Saudiyya matsala biyu gare shi da harafin p. Larabci ba shi da shi, sai a mayar da shi b. Hausa kuma tana haɗa p da f a harafi guda. Sakamakon haka pulse takan fito ko dai bals ko fols, ta biyun kuwa a kunnen mai jin Turanci false ce, wato ƙarya. Ma'aikaciyar jinyar da take son ta ce "weak pulse" ba ta da sararin wannan kuskure. Gyaran ba shi da wuya. A riƙe 'yar takarda a gaban baki, a rufe leɓɓa biyu ruf, a sake su da iska. In takardar ta motsa, p ce ta fito. In haƙoran sama sun taɓa leɓen ƙasa, f aka yi. Wasalin tsakiya gajeren a ne kamar na cup, don haka pals ake cewa. Nauyin murya a impulse yana kan gaɓar farko, IM-pals, a impulsive kuma ya koma ta biyu, im-PAL-siv.

A maganar yau da kullum impulse ita ce abin da ke faɗo wa mutum a rai kwatsam, ya ji yana son ya aikata shi yanzu-yanzu kafin ya yi shawara da kowa, har da kansa. Hausa ba ta da suna guda tak da ya rufe wannan, amma tana da hanyoyin faɗarsa da suka fi kowace fassarar ƙamus kaifi. "Zuciya ce ta ɗebe shi." "Haka kawai ya ji yana son yi." "Abin ne ya fizge ta." Mai fassarar da ya nace sai ya sami kalma ɗaya yakan ƙare a gaggawa, gaggawa kuwa haste ce. Mutum yana iya yin gaggawa a kan abin da ya shekara yana shiryawa, kamar alhajin da ya makara zuwa filin jirgi. Impulse ba ta da shiri a bayanta sam, wannan ne bambancin.

Yadda ake ɗaura ta a jimla ƙayyadadde ne. Ana cewa "on impulse" ko "on an impulse", ba a cewa "by impulse" ko "with impulse", duk da cewa harafin bi na Larabci da "da" na Hausa suna jan hannu zuwa can. In za a ambaci aikin, sai a biyo da to: "an impulse to laugh", wato dariya ta taso masa. Aikatau da ke tafiya da ita 'yan kaɗan ne: feel, resist, control, "act on". "I resisted the impulse to reply" na nufin na ji kamar in mayar da martani amma na danne. Ba a cewa "do an impulse" ko "make an impulse". Kuma impulse ba lalle mummuna ba ce. "A generous impulse" shi ne mutum ya ga tsohuwa ta gaji a sa'ayi ya ji nan take ya biya mata keken turawa. Sifar impulsive ce ta fi karkata ga zargi, domin tana nufin abin ya zama hali.

Kusan duk mai zama a Makka ko Madina ya ga impulse buying da idonsa ko bai san sunansa ba. Hajiya ta fito da niyyar sayen dabino kilo biyu da carbi dozin ɗaya na tsaraba. A bakin kanti ga turare an jera, ga gyale mai sheƙi, ga 'yan agogo a kwali daidai inda ake biyan kuɗi. Ta fito da leda shida. Ba haɗari ba ne aka ajiye ƙananan kaya masu arha kusa da mai karɓar kuɗi, a babban kanti ko a baƙala, wato ƙaramin shagon unguwa, domin a nan mai saye yake tsaye yana jira, katin bankinsa na Mada a hannu. Manhajoji irin su Tabby da Tamara, masu raba kuɗin kaya kashi huɗu, sun ƙara rage tazarar da ke tsakanin gani da saye, tunda riyal 400 sai ya bayyana a fuskar waya a matsayin 100. In ana neman sunan Hausa da zai zauna wa wannan, "sayen na gani ina so" ya fi kowane. Illarsa ga alhaji takan fito ne ranar awon kaya, inda kilon da ya haura sai an biya masa ko a bar shi a ƙasa.

Maƙwabtan kalmar su ne inda jarrabawowin Turanci irin su STEP suka fi kama mutane, domin a zaɓi huɗu sukan jera kalmomin da ƙamus ya fassara kusan iri ɗaya. Reflex motsin jiki ne da ba ya jiran shawarar ƙwaƙwalwa, kamar hannu ya taɓa butar gahawa mai zafi ya janye kafin mai shi ya ankara, ko ƙafa ta harba in likita ya ƙwanƙwasa ƙasan gwiwa. Ba a danne shi da niyya yadda ake danne impulse. Instinct ita ce gariza, abin da aka halicci mai rai da shi, kamar ɗan raƙumi ya miƙe ya nemi nono ba wanda ya koya masa. Tana nan daram kullum, ba zuwa take ta wuce ba. Urge matsuwa ce mai naci, irin ta fitsari ko ta mai shan taba a yinin azumi, tana ƙaruwa in an ƙi ta, alhali impulse sau da yawa in aka yi minti biyar sai ta huce. Whim ta fi sauƙi, ra'ayi ne na ganin dama marar nauyi, ita ce nazwa. Motive kuma, wato dafi'i, dalili ne da ke bayan aiki, mai iya kwana shekara a zuciya. Wannan ta ƙarshe ita ce ta fi ruɗar masu zuwa daga Larabci, domin dafi'i da daf'i da indifa'i duk tushensu guda. Mai bincike yana neman motive na laifi ne don ya nuna an shirya shi, mai cewa an yi "on impulse" kuwa yana nufin ba a shirya ba. Ma'aikacin da ya yi fushi ya bar wurin aiki ba sallama, yana rubuta takardar bayani da Turanci, in ya musanya waɗannan biyu ya faɗi kishiyar abin da yake nufi.

Sifofin kuma hawa-hawa ne wajen yabo da zargi. Spontaneous yabo ce, mutum ne marar ƙumbiya-ƙumbiya da ke yin abu don ransa ya so. Impulsive tana tsakiya, ta ɗan gangara ga aibu. Impetuous da rash garaje ne. Reckless ganganci ne tsantsa, na wanda ya san haɗarin bai damu ba, irin matasan da ke wasan zamiya da mota a guje, wato tafhiɗi. A asibiti spontaneous tana da wata ma'ana da ya wajaba tafinta ya sani: abin da ya faru da kansa ba da sa hannun kowa ba. "Spontaneous abortion" ɓari ne, ba zubar da ciki ba. Tafintan da ya ji kalma ta biyu kawai ya juya wa miji da dangi yana iya jefa baiwar Allah cikin zargin da ba ta ji ba ta gani ba.

Impetus tana kama da impulse a ido amma ba uwa ɗaya ba, ta fito daga wani aikatau na Latin daban, petere. Ita ce ƙaimin da ake ƙara wa abin da ya riga ya kama hanya, shi ya sa jaridu ke cewa jirgin ƙasan Haramaini, da aka buɗe a 2018, "gave impetus to" harkar ziyara tsakanin Makka da Madina. Kalmar tana da tsohon tarihi a ilmin motsi. Ibn Sina ya yi bayanin wani abu da ya kira mail, karkatar da mai jifa ke zuba wa dutse har ya ci gaba da tafiya bayan ya bar hannu, kuma a ƙarni na 14 Jean Buridan na Faransa ya kira irin wannan impetus.

Inda kuskure ya fi tsada shi ne tsakanin impulsive da compulsive, kuma a nan ya kamata a daɗe. Dukansu suna nufin mutum yana yin abin da ya kasa riƙe kansa a kai, amma hanyarsu ta saɓa. Mai impulsive ba ya tunani kafin aiki, abin ne ke jan sa don akwai daɗi ko huce haushi a ciki, nadama sai daga baya. Mai compulsive tunani ne ya yi masa yawa. Wata damuwa ce ke cin sa, sai ya yi wani aiki don ta lafa, ta lafa na ɗan lokaci ta dawo, ya sake yi. Ba ya jin daɗin aikin, kuma galibi ya san ya wuce kima. Misalin da kowa ya sani a masallatanmu shi ne mutumin da zai yi alwala sau bakwai yana shakkar ko ruwa ya taɓa gwiwar hannu, ko ya yi ta maimaita kabbarar harama har liman ya yi ruku'u. Larabci ya kira ciwon waswasul ƙahari, a Turance obsessive-compulsive disorder, mu kuma da ma muna da waswasi. Tunanin mai naci shi ne obsession, aikin da ake maimaitawa shi ne compulsion. Ciwo ne da ake magani, da horon da ke koya wa mutum jure damuwar ba tare da ya maimaita aikin ba, wani lokaci da ƙwayoyi. Tafintan da ya ce wa likita majinyaci impulsive ne, alhali waswasi yake bayani, ya karkatar da likitan zuwa wata hanya daban.

Ita kuwa impulsivity tana cikin alamomi uku na abin da makarantun Saudiyya ke kira farɗul haraka, a Turance ADHD, tare da rashin tattara hankali da yawan motsi. Yaro ne da ke faɗin amsa kafin malam ya gama tambaya, ba ya iya jiran layi, yana katse manya, yana tsallaka titi bai duba ba. Idan rahoton makaranta ya zo da kalmar impulsive ko mundafi'i, uba yakan ji kamar an ce ɗansa ba shi da tarbiyya, sai a ƙara masa bulala. Kalmar ba hukunci ba ce a kan gida. Likitoci ma ba sa tabbatar da ciwon sai alamomin sun kai wata 6, sun bayyana kafin shekara 12, kuma ana ganinsu a wuri fiye da ɗaya, gida da makaranta misali. Ƙiriniyar yaro mai lafiya ba ta cika waɗannan sharuɗɗa. Akwai kuma abin da masu kula da tsofaffi ya kamata su sani: wasu magungunan ciwon Parkinson, irin su pramipexole da ropinirole, takardarsu tana gargaɗi a kan "impulse control". Dattijo mai kamun kai yana iya fara ɓarnar kuɗi ko ci ba ƙoshi bayan an ɗora shi a kansu. A gaya wa likita, kada a tsayar da maganin da ka.

Compulsory kuma ba ruwanta da ciwo, ita ce ijbari ko ilzami, abin da doka ta wajabta, kamar allurar sanƙarau ga mai zuwa aikin Hajji ko inshorar mota. Compelling a gaban evidence ko reason tana nufin hujjar da ba a iya ture ta.

A ɗakin majinyata impulse da pulse abubuwa biyu ne, kuma Hausa tana ƙara dagula su domin kalmarmu ta jijiya ta haɗa mai ɗaukar jini da mai ɗaukar saƙo. Nerve impulse, wadda littafin sakandare na nan ya kira sayyalul asabi, ɗan saƙon lantarki ne da ke gudu a jijiyar saƙo. A masu kauri da ke da rufi yana kai mita 120 a daƙiƙa, a sirara marasa rufi bai fi mita 2 ba. Shi ya sa wanda ya yi tuntuɓe yake fara jin zafi mai kaifi, sannan raɗaɗi ya biyo baya a hankali, saƙo biyu ne a hanyoyi biyu. Ciwon suga da ya daɗe yana lalata waɗannan jijiyoyi tun daga ƙafa, saƙon ya daina isa. Wannan ne dalilin da alhaji mai suga zai ɓatar da takalminsa a Mina, ya taka ƙasa mai zafin rana har tafin ƙafarsa ya saluɓe bai ji ba. Mai rakiya ya ce masa, "Baba Alhaji, a zauna a inuwa tukuna in samo wani takalmin," ya fi a biye masa don ya ce ba ya jin komai.

Zuciya ma da impulse take aiki. Wani ɗan curin ƙwayoyi a saman ɗakinta na dama yana sakin saƙon lantarki, saƙon ya bazu, tsokar ta matse, jini ya fita. Girgizar da wannan jini ke yi a jijiya, wadda ake ji a wuyan hannu, ita ce pulse, nabdi, bugun jini. Impulse umarni ne, pulse sakamako. Takhɗiɗul ƙalbi, wato ECG, umarnin yake zanawa. Yana yiwuwa na'ura ta nuna layuka suna tafiya alhali zuciyar ba ta tura jini, abin da likitoci ke kira "pulseless electrical activity", don haka ake koya wa ma'aikatan jinya su taɓa majinyaci kada su tsaya kallon allo, kuma kada neman bugun ya wuce daƙiƙa 10. In babu, a fara danna ƙirji sau 100 zuwa 120 a minti. A gida ko a titi a kira motar agaji ta Hilalul Ahmar a 997.

Auna bugun jini na mai lafiya kuwa da yatsa biyu ake yi, manuniya da na tsakiya, a wuyan hannu ta gefen babban yatsa. Ba a sa babban yatsa domin yana da nasa bugun. A ƙirga na daƙiƙa 30 a ninka biyu, in kuma bugun yana tsalle-tsalle a cika minti guda. Babban mutum a zaune yana tsakanin 60 da 100. 'Yar na'urar da ake maƙalawa a yatsa, pulse oximeter, lamba biyu take nunawa. Mai SpO2 a kai ita ce iskar da ke cikin jini, wadda ake so ta kai 95 zuwa sama, mai PR ita ce bugun. Mutane da yawa sukan ga 72 su firgita su ɗauka iskarsu ce ta faɗi, alhali bugun ne, lafiya lau. Jan farce da yatsa mai sanyi suna ɓata awon.

A fiziya kalmar ta sami ma'auni. Littafin sakandare ya kira ta daf'i, ya haɗa ta da zakhmu, wato momentum, kuma ɗalibai sukan cakuɗa su don ma'auninsu ɗaya ne. Momentum nauyin abu ne a ninka da gudunsa, abin da yake ɗauke da shi yana tafiya. Impulse ƙarfin da aka sa masa ne a ninka da tsawon lokacin da ƙarfin ya yi yana aiki, kuma daidai take da canjin da aka samu a momentum. Wanda ya taɓa tsayawa a halaga, kasuwar kayan lambu ta Jidda, ya ga masu sauke kankana daga mota ya ga wannan doka a aikace. Na sama ya jefo, na ƙasa ya cafe, amma ba ya sandare hannuwa, yana bin kankanar da su zuwa ƙasa yana ɗan durƙusawa. A ce kankana mai kilo 8 ta iso da gudun mita 5 a daƙiƙa, momentum ɗinta 40 ke nan, kuma dole a cire 40 ɗin duka kafin ta tsaya. In ya tsayar da ita cikin 0.05 na daƙiƙa, ƙarfin ya kai niyuton 800, kamar a ɗora masa kilo 80, kankanar ma tana iya fashewa. In ya ja lokacin zuwa 0.4, ƙarfin ya sauko niyuton 100. Impulse ɗin bai canza ba, lokacin aka shimfiɗa.

Bel ɗin mota da jakar iska wannan lissafin suke yi. Mutum mai kilo 70 a motar da ke gudun kilomita 72 a awa, wato mita 20 a daƙiƙa, yana ɗauke da 1,400. In ƙirjinsa ya daki sitiyari ya tsaya cikin 0.02 na daƙiƙa, ƙarfin niyuton 70,000 ne, kusan nauyin tan 7. In bel da lotsewar gaban mota suka ja tsayawar zuwa 0.1, ya koma 14,000. Kuskuren da ya fi yawa a takardar jarrabawa shi ne mantawa da alkibla: ƙwallon da ta daki bango ta dawo, canjin gudunta jimillar zuwa da dawowa ne, ba bambancinsu ba. Na biyu, barin kilomita a awa ba a mayar da shi mita a daƙiƙa ba, wanda ake yi ta rabawa da 3.6.

Masu aikin wuta suna da tasu. A fuskar mitar lantarki akwai 'yar fitila mai ƙyaftawa, kusa da ita an rubuta lamba da imp/kWh. Wannan imp gajarta impulse ce. In an rubuta 1000, kowace ƙyaftawa dubu kilowat-awa ɗaya ce. Da wannan mutum zai iya gane abin da mukayyif ɗinsa, wato na'urar sanyaya ɗaki, ke ci ba tare da wata na'ura ba: a kashe komai a bar shi kaɗai, a jira kwamfresa ta tashi, a ƙirga ƙyaftawar minti ɗaya, a ninka da 60, a raba da lambar da ke jikin mitar. Ƙyaftawa 33 a minti a mita mai 1000 kusan kilowat 2 ke nan. In yana aiki awa 10 kullum, wata guda kilowat-awa 600 ne, a farashin gidaje na halala 18 kowane kilowat-awa da aka sa tun 2018 ya kama riyal 108 kafin haraji. A duba lambar da kyau, domin wasu mitocin ba 1000 ba ne, kuma in akwai fitila ta biyu mai kvarh a jikinta ba ita ake ƙirgawa ba. Injin liƙe leda da masu ɗura dabino da yaji ke amfani da shi ma impulse sealer ake ce masa, saboda wayarsa ba ta zama da zafi, sai an danna hannun take ɗaukar wuta na daƙiƙa ɗaya ko biyu. In leda tana tsinkewa a wurin liƙin, lambar ta yi yawa ko kyallen da ke rufe wayar ya ƙone. In tana buɗewa, an ɗaga hannun kafin liƙin ya huce. Maɓallin pulse na injin markaɗe ma haka yake, yana juyawa ne muddin yatsa na kansa, don a farfasa tattasai da albasa ba tare da sun zama ruwa ba.

Akwai pulse guda da ba 'yar gidan nan ba ce. A jikin buhu, ko a takardar likitan abinci da ke cewa mai suga ya yawaita pulses, ana nufin busassun 'ya'yan kwanso: wake, adas, hummus, da ful ɗin da ake karyawa da shi da burodin tamis. Larabci ya ce buƙul. Wannan ta fito ne daga wata kalmar Latin daban, puls, sunan wani fate mai kauri da Rumawa ke ci, kuma ita Majalisar Ɗinkin Duniya ke nufi da ta ware shekarar 2016 da ranar 10 ga Fabrairu ta kowace shekara da sunan pulses. Gyaɗa da waken suya ba sa cikin lissafin saboda mai da ke cikinsu, haka ma ɗanyen wake da ake ci da kwansonsa.